Labarin inji a tambayi salansa: Fijo 504 da tarihin hayaƙinta

1/ Jama'a, zaren yau na tarihi ne, amma tarihin da ke fita ta salansa. Duk wanda ya taso a Arewa ya taɓa ganin tsohuwar Fijo 504 ta tashi daga tasha ta bar mutane da tari. Da yawa sun ɗauka haka aka ƙera ta. Ina! Wannan hayaƙin yana da dalili, yana da ma'ana, har da lokacin da ya fara yawa a titunanmu. Ku gyara zama.

2/ Ni ɗalibi ne a sashen injiniyancin injuna, aji uku. Abin da zan kawo haɗi ne na karatun aji da abin da na tsinta a bakin tsofaffin bakanikai. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To a wajen tsohuwar mota, labarin inji a tambayi salansa. Amma kafin mu iya karanta hayaƙin, sai mun san motar da ke fitar da shi.

3/ Mu faro daga Faransa. A 1968 kamfanin Peugeot, wanda muke kira Fijo, ya gama shirin fito da 504, sai zanga-zangar ɗalibai da yajin aikin watan Mayu suka tsayar da ƙasar cak. Sai a Satumba aka nuna ta. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana surarta. A 1969 ta lashe kambun motar shekara ta Turai.

4/ Injinta na farko cc 1796 ne, a 1970 aka fito da mai cc 1971. Silinda huɗu, a kishingiɗe gefe guda. Yawancin waɗanda muka sani da kafireta suke, ba kwamfuta, ba sensa. Abu uku kawai yake nema: fetur, iska da tartsatsin fulogi. Idan ɗaya ya yi yawa ko ya gaza, ko wani abu na huɗu ya shiga tsakani, salansa ce za ta fara tona asiri.

5/ Ga wurin da nake so ku riƙe. A yawancin injuna, ramin da fistin ke hawa da sauka a cikinsa a jikin injin aka haƙa shi. Idan ya cinye sai an kai wa masu gurza ƙarfe. A 504 kuwa kowace silinda bututu ce mai zaman kanta, bakanikai na ce mata silif. Ruwan lagireto na zagaye bayanta kai tsaye, kuma ana iya zare ta.

6/ Kun ga ma'anar hakan? Inji ya tsufa, sai a zare silif huɗu, a sa sababbi da fistin da ringi, a ɗaure, ya dawo kusan sabo. Wato waɗanda suka ƙera shi sun san zai cinye, sun kuma bar ƙofar sabunta shi a buɗe. Hayaƙi a wajensu sanarwa ce cewa lokacin obahol ya yi. Ba wai a ci gaba da lodi a haka ba.

7/ Afirka ce ta yi wa motar suna. A 1975 Ove Andersson, ɗan ƙasar Suwidin, ya ci tseren Safari na Kenya da 504, tseren da ya shahara da karya motoci. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake ci da wata 504 mai silinda shida. Abin mamaki, shi wannan Andersson ɗin shi ne ya jagoranci ƙungiyar tseren Toyota a Turai. Ku riƙe sunan Toyota, za mu dawo kansa.

8/ Sai mu zo gida. An yi wa kamfanin PAN rajista a 1972, kuma a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna. Lokacin kuɗin fetur na shigowa kamar ruwa, ga ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata. A shekarun farko har ta jirgin sama ake ɗauko sassan motar daga Liyon ta Faransa a sauke a Kano, sannan a wuce da su Kaduna.

9/ Ba PAN kaɗai ba ce. Akwai Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Inugu, Steyr a Bauchi, da masu haɗa manyan motocin Fiat a Kano. Amma Fijo ce ta shiga jinin mutane. A farkon shekarun 1980 Kakuri na fitar da dubun-dubatar motoci a shekara, naira kuma ta fi dala daraja. Malamin makaranta na iya karɓar rancen mota ya hau sabuwa dal.

10/ Bayan an kashe Janar Murtala Muhammad a cikin Marsandi ranar 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki tsarin rage facaka, 504 ta zama motar manyan jami'ai. Gwamna na ciki, babban sakatare na ciki, 'yan sanda na ciki. A tasha kuma ga wagon mai layin kujeru uku, a kasuwar ƙauye ga a-kori-kura ɗauke da buhunan masara har ta sunkuya.

11/ A Nijar labarin ya ɗan sha bamban. A shekarun 1970 da 1980 matasan Turawa kan sayi tsofaffin Fijo a Faransa, su tsallaka Aljeriya, su keto Sahara ta Tamanrasset zuwa Arlit da Agadas, su sayar, su hau jirgi su koma. Ku yi tunani: injin ya sha rairayin hamada ya ƙoshi tun kafin mai shi na farko a Maraɗi ko Damagaram ya riƙe sitiyari.

12/ Rairayin nan shi ne babban maƙiyi. Idan inji na juyi 3000 a minti, kowane fistin na hawa ya sauka sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Abin da ya raba ringi da bangon silif ɗan shafin baƙin mai ne da bai kai kaurin gashi ba. Shi ke nan fa. Ran injin gaba ɗaya a kan wannan ɗan shafin yake.

13/ To ƙurar hunturu da jar ƙasar hanyoyinmu cike suke da ɓarɓashin yashi mai tauri. Idan matatar iska ta yage, ko wani ya cire ta don wai mota ta ƙara gudu, ƙurar za ta shiga ta cakuɗe da baƙin mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Ba a rana ɗaya take kashe inji ba. Kullum ɗan kaɗan, har ranar da salansa za ta yi magana.

14/ Maganar tata launi uku ce: baƙi, shuɗi da fari. Baƙi na nufin fetur ya yi yawa. Shuɗi na nufin baƙin mai na ƙonewa. Fari na nufin ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Wannan kowa zai iya haddacewa. Gwanintar bakanike tana wajen lura da lokacin da hayaƙin ke fitowa, don lokacin ne ke nuna wane ƙarfe ne ya gaji.

15/ BAƘI. Shi ne mafi muni a ido, kuma sau da yawa shi ne mafi araha a gyara. Inji na son kusan kilo 15 na iska ga kilo 1 na fetur. Matatar iska ta toshe, ko cok ya maƙale a ja, ko kafireta na ambaliya, sai fetur ya fi ƙarfin iska, ya fita bai gama ƙonewa ba. Za ka ji warin ɗanyen mai, fulogi kuma ya yi baƙin toka busasshe.

16/ Amma kada ku raina shi. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke wancan ɗan shafin mai daga bangon silif, ya gangara ya tsinka baƙin man da ke ƙasa. Wato baƙin hayaƙin bana shi ke haifar da shuɗin baɗi. Kuma tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, duk mai fitar da baƙin hayaƙi kuɗinsa yake watsa wa iska.

17/ Lokacin da na yi aikin sanin makama a wani gareji a Kaduna, wani dattijo ya kawo 504 ɗinsa yana cewa a yi obahol, ya gaji da hayaƙi. Ogana ya zare matatar iska ya buga da ƙasa, ƙura ta tashi. Ya ce, "Alhaji, injinka lafiyarsa ƙalau, numfashi ne ya gagare shi." Ya juyo gare ni: "Kai ɗan boko, kafin ka kwance inji, fara tambayar hancinsa."

18/ SHUƊI. Wanda ya tuna 'yan acaɓa a Kano kafin a hana su a 2013 ya san launin nan da warinsa. Su waɗancan baburan da gangan suke ƙona mai tare da fetur, haka aka tsara su. Mota kuwa ba haka take ba. Idan 504 na yin shuɗi, mai ya samu ɓarauniyar hanya zuwa ɗakin ƙonewa. Hanyoyin biyu ne: ta sama ko ta ƙasa.

19/ Ta sama ita ce ta wuyan bawul. Idan robar wajen ta bushe, ko hanyar da bawul ke bi ta yi faɗi, mai zai riƙa ɗiga cikin silinda da dare. Da safe ka tayar, ta yi shuɗi na ɗan lokaci, sai ta washe. Ko ka gangaro Hawan Kibo a giya ƙafarka ba ta kan totur, kana takawa a ƙasa sai ta tofar da gajimare guda. Wannan aikin tof ne kawai.

20/ Ta ƙasa ita ce ta ringi da silif. Ita alamarta daban: duk lokacin da ka taka totur, musamman a hawa da lodi, shuɗin na biye da kai, kuma zafin inji ba ya kore shi. Buɗe murfin zuba baƙin mai inji na aiki. Idan yana huci yana fesar da hayaƙi ta nan kamar tukunyar dambu, iskar ƙonewa na tsallake ringi. Wannan sai obahol.

21/ FARI. Kada kowa ya tsorata da tururin safiya. Fetur idan ya ƙone yana haifar da ruwa, don haka a sanyin Jos ko tsakiyar hunturu za ka ga farin tururi har da ɗigon ruwa a bakin salansa. Inji na ɗaukar zafi zai ɓace. Wanda ake tsoro shi ne fari mai kauri da ya ƙi tafiya, ga ruwan lagireto na raguwa ba a ga inda yake zuba ba.

22/ Wannan yawanci gasket ɗin tof ne ya ƙone, ko tof ɗin ya lanƙwashe ko ya tsage, don na 504 na alminiyam ne, ba ya jure tafasa. Da inji a sanyi, buɗe lagireto ka tayar: kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa? Zaro sandar gwada mai: ya koma kamar shayi mai madara? Kashe motar. Ruwa ba ya shafe ƙarfe, inji zai buga.

23/ Akwai farin hayaƙi ɗaya da ke ruɗa har gwanaye. Tukunyar da ke sauƙaƙa taka birki tana aiki ne da zuƙar iskar inji. Idan man birki ya yoyo cikinta, inji zai zuƙe shi ya ƙona, ya fito fari fat. Ruwan lagireto na nan daidai, man birki ne ke raguwa. Nan ba inji ne ke cikin haɗari ba, ku da ke cikin motar ne.

24/ Bayan ido sai shaidu biyu. Na farko fulogi: jera huɗun yadda aka kwance su. Ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya. Baƙi busasshe, fetur. Baƙi mai maiƙo, mai. Ɗaya ya fita tas kamar an wanke shi alhali sauran da datti, ruwa ne ke shiga silindarsa. Fulogi ba ya ƙarya, kuma yana faɗa maka lambar silindar da ke ciwo.

25/ Na biyu gwajin matsi. A ɗaura geji a ramin fulogi a juya inji, a rubuta na kowace silinda. Bai kamata su bambanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Wadda ta gaza, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake. Matsi ya tashi? Ringi ne. Bai motsa ba? Bawul ko gasket. Biyu maƙwabta sun faɗi tare? Gasket ya fashe a tsakaninsu.

26/ To ga tambayar tarihi. Motar da aka tsara a riƙa sabunta ta, wadda ke faɗin ciwonta da bakinta, ta yaya ta zama alamar hayaƙi? Amsar na cikin darajar naira. Farashin ɗanyen mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin waje ya yi wuya. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo SAP, aka saki naira, dala ta koma wajen naira 4.

27/ Zuwa tsakiyar shekarun 1990 dala na naira 22 a hukumance, a kasuwar bayan fage kuwa ta haura 80. Silif, fistin, ringi, gasket, galibinsu da kuɗin waje ake sayo su. Ma'aikacin da ya sayi sabuwar mota a 1980 ya wayi gari albashinsa ba zai yi mata obahol ba. Sai ya sayar wa direban tasha, shi kuma kullum sai ya kai wa mai mota balas.

28/ Daga nan aka shiga zamanin maneji. A sa sabon ringi a cikin tsohon silif. A mayar da gasket ɗin da aka cire. A jinkirta juye har mai ya zama kamar kwalta. A cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi, alhali inji mai aiki a sanyi ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. A zuba ruwan rijiya a lagireto, tsatsa ta ci bayan silif.

29/ Ga kuma wahalar fetur ta zamanin Abacha, layi na kwana da kwanaki. Aka koma wajen 'yan bumburutu, wasunsu na haɗa fetur da kananzir. Kananzir ba ya ƙonewa da kyau a injin fetur: yana sa shi ƙara, yana sa hayaƙi, yana tsinka baƙin mai. Ni ban ga laifin direbobin nan ba. Mutum na neman abin sa wa a bakin salati, ba ya ta silif.

30/ Shi ya sa nake cewa shuɗin hayaƙin da muka taso muna gani a tasha rasit ne na gyaran da aka kasa biya. Kuma bakanikan Panteka a Kaduna da 'yan kayan gyara na Ƙofar Ruwa a Kano sun cancanci jinjina. Da hannu da kunne da hanci suka riƙe motocin nan a kan titi shekaru da dama bayan Turai ta daina ƙera samfurin a 1983.

31/ A lokacin ne kuma motocin Baljiyam suka fara kwararowa ta Kwatano, Toyota da Honda da Golf. A 2003 gwamnati ta fara ba manyan ma'aikata kuɗin mota a maimakon saya musu, PAN ta rasa babban mai ciniki. Ajantina ta daina haɗa 504 a 1999, Kenya a 2004. Kaduna ce ta rufe ƙofa a duniya, wajen 2006. Jimilla an ƙera sama da miliyan 3.

32/ Motocin yanzu ba sa magana da hayaƙi kamar da. Akwai matatar salansa da bakanikai ke kira indomi, tana ƙone wani ɓangare na shaidar kafin ta fito. Akwai kwamfuta mai daidaita fetur da iska. Tun 1996 Amurka ta wajabta wurin soka na'urar bincike iri ɗaya a kowace sabuwar mota. Ci gaba ne, ba musu. Amma na'urar ba ta ganin ringi. Har gobe sai an yi gwajin matsi.

33/ Sai gargaɗi mafi muhimmanci a zaren nan. Hayaƙin da ya fi kisa ba shi da launi, ba shi da wari. Iskar nan ce mai guba da ke kashe iyali idan an kwana da janareta a ɗaki. Tsohuwar mota mai kafireta na fitar da ita da yawa. Salansa ta huje, ƙasan bodi ya ruɓe, gilasai a rufe: ciwon kai da barci a doguwar tafiya ba kullum gajiya ba ce.

34/ Yanzu matasa sun fara neman 504 don sha'awa, wasu kuma ta gado ce a ajiye a gida. Idan za ka saya, je da sassafe ka taɓa inji da hannunka. In ka tarar da ɗumi an riga an tayar don ɓoye hayaƙin safiya. Duba mai: in ya yi kauri kamar zuma, wataƙila an zuba mai nauyi don toshe bakin ringi. Araha ba ta ado.

35/ Ka sa wani ya tayar kai kana tsaye a baya. A bar ta ta yi zafi, a hau tudu, a gangara, kana bin ta kana kallo. A kwance fulogi huɗu a gabanka, a yi gwajin matsi. Idan kuma har ta kai ga cire tof, ka tabbata an danne silif kafin a juya inji. In suka motsa, toshiyar gindinsu ta lalace, ruwa zai bi ya shiga mai.

36/ Mutanen da suka iya karatun nan suna tsufa, kuma yawancin abin da suka sani ba a rubuce yake ba. Da tsohuwar zuma ake magani. In akwai tsohon bakaniken Fijo a unguwarku, ku je ku gaishe shi, ku tambaye shi, ku naɗa da izininsa. Wanda gidansu aka taɓa yin 504 ya faɗa mana a ƙasa: wace shekara, wane launi, kuma ina ta ƙare? Ku tura wa mai tsohuwar mota.